Yadda ake yi wa kamfanin fitilun aikin hannu masu kama da na da suna da tambari da kamanni

Kwanakin baya wani bawan Allah mai ƙera fitilu ya same ni, irin fitilun nan na tagulla da baƙin ƙarfe da ake ratayawa a gidan abinci ko otal ko falo, da hannunsa yake bugunsu ɗaya bayan ɗaya, ya ce malam logo nake so ka yi min zuwa jibi. Na ce masa ranka ya daɗe logo ai ba shi ne farko ba, shi hula ce kawai, sai an san kan da za a ɗora ta. Abun da kamfani irin nasa yake buƙata shi ne kamanni guda ɗaya da za a gane shi da su ko'ina, tun daga suna da tambari da kala da salon rubutu da hoto da kwali har zuwa yadda ake amsa wa kwastoma saƙo a WhatsApp. Toh ga yadda nake bin aikin, ko kai ne mai dizayin ɗin ko kai ne mai fitilun kana so ka san abun da za ka nema a wajen wanda ka ba wa aiki.

Matakin farko ka rufe kwamfuta ka tafi maƙerar. Da gaske nake, ka je ka zauna ko da wuni ɗaya ne, ka ɗauki fitilar a hannu ka ji nauyinta, ka shafa inda guduma ta bar gurbi, ka kalli yadda ake lanƙwasa bututun, ka ɗauki hoton kayan aikin da ɓarɓashin tagullar da ke zube a ƙasa. Duk abun da za ka zana daga baya a nan yake kwance. Sannan ka yi wa mai aikin tambayar da ta fi komai, wai in ya ce irin na da, wane da ɗin yake nufi? Domin da ba guda ɗaya ba ne. Akwai da ɗin fitilun Tiffany na birnin New York a wajen 1900, masu gilashi kala-kala da aka harhaɗa da zanen furanni da mazari. Akwai da ɗin fitilun masana'anta, irin Anglepoise da injiniyan mota George Carwardine ya ƙirƙiro a Ingila a 1932 da sifirin da ke riƙe hannun fitila a duk inda ka tsayar da shi, ko Jieldé da Jean-Louis Domecq ya yi a birnin Lyon na Faransa a 1950 saboda yana neman fitilar da za ta jure wahalar wurin aikinsa. Sannan akwai namu da ɗin, fitilar ƙwai mai lagwani da kananzir da aka yi mana karatun dare da ita, da aci-balbal ta gwangwani da ke teburin mai shayi da mai tsire. Kowanne a cikin ukun nan da irin rubutunsa da kalarsa, in ka gwama su wuri ɗaya kamar kayan gwanjo abun zai fito. Ka sa shi ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai.

Na biyu, waye mai saye. Wannan ba ya ɗaukar lokaci amma kar ka tsallake shi. Mai buɗe gidan shan kofi a Abuja da ke son fitila ashirin iri ɗaya daban, masu ƙawata gida da ke saya wa wasu daban, uwar amarya da ke haɗa kayan ɗaki ita ma daban. Ka zaɓi wanda ya fi kawo kuɗi ka rubuta jimla ɗaya tak a takarda, misali muna ƙera fitilun tagulla da hannu masu haske mai laushi domin wuraren da ake zama a yi hira. Ka manna ta a bango, duk shawarar da ta taso daga baya da ita za ka auna.

Na uku suna. Ka rubuta kamar talatin ba tare da tacewa ba, daga kayan aiki, daga unguwa, daga sunan kakan da aka gaji sana'ar a wajensa, daga sassan fitilar kanta. Shi Jieldé ba wani abu ba ne illa haruffan farko na sunan mai shi, J da L da D, yadda ake furta su da Faransanci, kuma ga shi sama da shekara 70 sunan na aiki. In ka tace sun rage biyar sai ka kira wani a waya ka faɗa masa sunan sau ɗaya ka ce ya rubuto maka, in ya rubuta daidai toh ya wuce, in sai ka maimaita sau uku ka ajiye shi. Ka lura da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, domin Instagram ba ya karɓarsu a sunan shafi, ka duba in an cire lanƙwasar ma'anar ba ta juye ta koma wani abun kunya ba. Daga nan ka bincika a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ko wani ya riga ka, ka duba Instagram da Facebook da TikTok, ka duba adireshin intanet mai .ng ko .com.

A nan akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi, suna ɗauka rajistar CAC ta kare musu tambari. Ba ta kare ba, ita sunan kasuwanci ta yi wa rajista. Tambari ofishinsa daban ne a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya, kuma kayan haske suna rukuni na 11 ne a tsarin rabe-raben kaya na duniya. A Najeriya rajistar farko shekara 7 take yi, bayan nan ana sabuntawa duk shekara 14. In kana Nijar ko Kamaru ko Cadi ta hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde za ka bi, rajista ɗaya ta rufe maka ƙasashe 17 na tsawon shekara 10.

Wani abu kuma da nake roƙon mutane a kai, dan Allah kar a yi ƙaryar shekara. Za ka ga wanda ya buɗe shago shekara uku da suka wuce ya sa an rubuta masa tun 1920 a ƙasan tambari wai don ya yi kama da tsoho. Wannan yaudara ce, kuma ranar da kwastoma ya gano shikenan har ingancin wayar da ke cikin fitilar sai ya yi wa kokwanto. Kamfanin Schoolhouse Electric na birnin Portland a Amurka a 2003 aka kafa shi, wanda ya kafa shi ya samo tsofaffin mazubin gilashin fitila na ƙarfe ne da aka yi watsi da su ya dawo da su aiki, wannan labarin na gaskiya ya ishe su. Kai ma kana da naka, waye ya koya maka, a ina kake samo tagulla, kwana nawa fitila ɗaya ke ci. Ka sa shekararka ta gaskiya ko ka bar wurin babu komai.

Toh yanzu ne aka zo tambari, kuma a nan zan daɗe. Da fensir da takarda za ka fara, baƙi da fari kawai, babu kala babu inuwa babu ƙyalli. Abu na farko da zai faɗo maka a rai shi ne zanen ƙwan lantarki da ɗan haske kewaye da shi, ka zana shi don ya fita daga kanka sannan ka wuce, saboda mai gyaran wayarin yana da shi, makarantar koyon kwamfuta tana da shi, kowa ma yana da shi. Haka dagin Arewa, muna son sa amma yana jikin hula da ƙofa da tambarin ƙungiyoyi ba adadi, ba zai taɓa zama naka kai kaɗai ba. Ka koma hotunan da ka ɗauka a maƙera. Wataƙila siffar hular fitilar ce idan aka kalle ta daga gefe, wataƙila lanƙwasar siririn zaren nan da ke ci a cikin ƙwai ce da za ta iya zama harafin farko na sunan, wataƙila 'yar dabaran nan ce da ake murzawa a ɗaga lagwani. Ka duba tsohuwar fitilar ƙwai ta Feuerhand ta Jamus in akwai a gida, tambarinta hannu ne da harshen wuta, ma'anar sunan kenan, kuma a jikin ƙarfen aka buga shi ta yadda ko fenti ya goge ko tsatsa ta ci yana nan ana gani. Irin wannan ƙarfin kake nema.

Ni ma'aunina guda ɗaya ne, ɗan farantin tagulla. Fitilar aikin hannu ta kirki tana da ɗan faranti da ake maƙala mata a gindi ko a wuya, faɗinsa bai wuce santimita 2 zuwa 3 ba, kuma shi ne zai rayu da fitilar bayan kwali ya yage an manta da shafin Instagram. In tambari bai fito a kan wannan farantin ba toh bai yi ba, komai kyansa a sikirin. Na taɓa yin wani mai siraran layuka da 'yan ganyayyaki zagaye da shi, a kwamfuta gwanin sha'awa, da aka kai wajen mai buga hatimin ƙarfe aka buga a tagulla sai layukan suka haɗe suka zama dunƙule ɗaya kamar an ɗiga kwalta, faranti hamsin muka zubar kuma kuɗin mai fitilu ne, abun ya dame ni ƙwarai. Tun daga ranar kafin in nuna wa kowa zane sai na buga shi a firinta a girman santimita 2, na manna a bango na ja da baya taku uku. Layin da ya ɓace sai in ƙara masa kauri ko in cire shi, ramin harafin da ya toshe sai in buɗe shi. Kuma ka tambayi mai yin farantin tun da wuri da me zai yi, bugun hatimi ne ko leza ko asid, saboda leza na iya fitar da siririn layi amma hatimi ba ya iyawa.

In zanen ya zauna sai ka fitar da shi gida uku, cikakke mai alama da suna don allon shago da kwali, na suna zalla don wuri mai tsawo kamar rasit, da alama zalla don faranti da hoton furofayil. Ka tuna WhatsApp da Instagram da'ira suke yanka hoton, ka bar fili a gefe. A manhajar zane irin Illustrator ko CorelDRAW ko Inkscape za a zana shi, shi na ƙarshen kyauta ne. In da Canva ka saba ka sani ƙa'idarsu ba ta yarda ka yi wa tambarin da ka haɗa da zanukansu na kowa-da-kowa rajista a matsayin naka ba.

Salon rubutu biyu sun isa, ɗaya mai hali na kanun magana, ɗaya mai sauƙin karantawa na bayani da farashi. In da ɗin masana'anta ka zaɓa, haruffa masu kauri a tsaye irin na jikin tsofaffin injina za ka nema, in na Tiffany ne masu ɗan lanƙwasa. Amma kafin ka ƙaunaci kowane salo ka rubuta ƙarfe da ɗaki da ɓawo da shi ka gani, da yawansu ba su da haruffanmu, sai ka ga ƙ ɗin ta fito da wani salo daban ko ta zama akwati. Noto Serif da Gentium da Charis duk suna da su kuma lasisinsu ya yarda a yi kasuwanci da su kyauta.

Kala kuma daga kayan za ka ɗebo ta. Ka ajiye guntun tagulla da baƙin ƙarfe da igiyar wayar da aka naɗe da zare a kan tebur, ka kunna fitilar a kansu ka kalla. Ƙwan da ake sa wa irin fitilun nan yawanci 2200K ne ko 2700K, za ka ga an rubuta a kwalinsa, wato haske mai ruwan zuma, saɓanin 6500K farin nan fat na ofis da asibiti. Toh kalolin kamfanin su zama waɗanda wannan hasken ke yi wa kyau, duhu ɗaya kamar baƙin gawayi ko kore mai duhu ko shuɗin baba, haske ɗaya kamar ruwan madara maimakon fari tas, sai ruwan tagulla kaɗan kamar gishiri a miya. Hattara da ruwan gwal, a waya yana ƙyalli amma injin buga takarda da tawada huɗu yake aiki, babu mai ƙyalli a cikinsu, sai ya fito maka da wani ruwan ƙasa-ƙasa mara rai. In ƙyalli kake so sai dai foyil, wato siririn falle mai sheƙi da ake mannawa a kan takarda, kuma kuɗinsa daban. Ka rubuta lambar kowace kala iri biyu, ta sikirin da ta firinta, kuma kar ka yarda a buga dubu sai an buga ɗaya ka gani da idonka a kan ainihin takardar.

Daga nan sai kayan da kwastoma zai taɓa. Farantin nan ka sa masa lamba, 001, 002, haka, ka buɗe littafi kana rubuta wace fitila ce, yaushe aka gama ta, wa ya saya. Jieldé ma haka suke yi, kowace fitila da lambarta a faranti. Mutum in ya ga tasa ce ta 047 ya san ba daga kwantena aka sauke ta ba, kuma in ta samu matsala bayan shekara biyu da lambar za ka gane ta. Sai ɗan kati da za a ɗaura da zare, a gaba tambari, a baya bayanin da ake buƙata da gaske, wane irin ƙwai take ɗauka, E27 mai murɗawa kamar noti ko B22 mai fil biyu da ake turawa a juya, wat nawa ne iyakarta, da yadda ake goge tagulla. Ita E ɗin nan ta Edison ce, wanda ƙwansa na 1879 zaren auduga da aka ƙona ne ke ci a ciki, 27 kuma faɗin gindin ne a milimita, ɗan labari ne da ke yi wa kwastoma daɗi in ka sa shi a layi ɗaya. Ka ba da shawarar ƙwan LED mai zare, na wat 4 yana ba da hasken da ya kai na tsohon wat 40 kuma ba ya zafi sosai, wanda dole ne ma in hular fitilar ta ƙwarya ce ko kaba ko fata. Fitilar ƙarfe kuma lallai a haɗa mata wayar ƙasa da fulogi mai baki uku, kuma ka nemi ofishin SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, kan shaidar MANCAP ta kayan da aka ƙera a gida, domin duk kyan tambari in fitila ta ja yaro sau ɗaya sunan ya mutu. Kwali kuwa ba sai ka kashe kuɗi ba, ruwan ƙasa na yau da kullum mai kauri da babban hatimin roba da baƙar tawada ya wadatar, har ya fi dacewa da aikin hannu a kan mai sheƙi.

Hoto shi ne inda akasari ake zubar da duk wahalar da aka sha. Fitila a kunne wuyar ɗauka gare ta, in ka bar waya ta yi ra'ayinta sai ƙwan ya zama farin dunƙule sauran wurin ya yi baƙi ƙirin, ko kuma ta gyara ruwan zumar ta mayar da shi fari. Lokacin da ya fi shi ne daga la'asar sakaliya zuwa gab da magariba, a kusa da taga, lokacin akwai sauran hasken rana da zai nuna jikin tagullar kuma bai kai ƙarfin da zai danne fitilar ba. Ka kafa wayar a kan wani abu kar ta motsa, ka kashe filasha da duk wani farin ƙwai da ke ɗakin, ka danna kan ƙwan a sikirin ka ja hasken ƙasa a hankali har sai ka ga zaren ciki ya fito ɗaya-ɗaya. Kowace fitila hoto huɗu, a kashe, a kunne, kusa-kusa inda gurbin guduma da farantin suke, sai ɗaya a ɗaki da kujera ko mutum a gefe don a gane girmanta. Bango ɗaya za ka riƙa amfani da shi kullum, ko na ƙasa ko wanda aka shafa wa duhun kalar kamfanin, ta yadda mai wucewa a Instagram zai gane naka ne tun bai karanta suna ba. Kuma kar ka ɓoye hannun maƙerin, baƙin da ke yatsunsa da tartsatsin walda su ne hujjar kuɗin da kake nema, ɗan bidiyo na daƙiƙa 15 ana bugun hula ya fi dogon rubutu.

Maganar da za a riƙa rubutawa ita ma a tsayar da ita. Ka guji irin su inganci na musamman da babu kamar mu, kowa haka yake cewa. Ka faɗi abun da yake, tagulla ce, kwana huɗu aka yi ana yinta, tsawon igiyarta mita ɗaya da rabi, za ta ɗan yi duhu da shekaru kuma haka ake so. In Hausa da Turanci za ka haɗa ka yanke wanne ne a sama ka dawwama a kai, kuma wanda ke riƙe da wayar shago ya san gaisuwar da za a fara da ita da yadda ake faɗin farashi da ranar kammalawa.

Na ƙarshe shi ne karɓar aiki. In kai ne mai fitilun kar ka biya cikon kuɗi sai an ba ka tambarin a fayil ɗin bekta, wato SVG ko AI ko PDF, wanda ko ka ja shi ya kai girman allon titi ba ya fashewa, ka buɗe ka zuƙo shi sosai ka tabbata gefen layin sumul yake. A haɗa maka da PNG mara bango, baƙi ɗaya fari ɗaya, da fayil ɗin salon rubutun, da 'yar takarda mai shafi biyar ko shida da ke nuna gidaje ukun tambarin, mafi ƙanƙantar girman da aka yarda, filin da za a bari a gefensa, lambobin kala, da misalin hoto mai kyau. A rubuta a takarda ku sa hannu ku biyu cewa mallakar zanen ta dawo hannunka, za a nemi wannan ranar da wata rigima ta taso. Ka ajiye kwafi a imel da filasha, kar a waya kaɗai. Sannan ka fara da faranti goma da hatimi ɗaya da kati hamsin, ka maƙala wa fitilu goma na farko ka aika su, allon shago da buga kwali mai yawa su jira sai ka ga yadda farantin ya zauna a jikin tagulla bayan wata ɗaya ana kunnawa.